Jerin Faisal da jerin kamfani

Jiya bayan la'asar ina shan shayi a tashar Kudai, Faisal ya tura mini wayarsa gabana. Shi ke tsara mana lokutan fita, mu direbobi, haifaffen unguwar Shisha ne, Hausarsa rabi Larabci. Wai in ga hasashensa na sababbin 'yan wasan da ƙungiyarsa za ta ɗauka bana, da waɗanda za ta musanya. Ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da ita.

Ni hankalina yana kan wani jerin daban. An ce kamfaninmu zai miƙa direbobi shida ga wani kafili, wato sabon ubangida, mai tsofaffin motoci a unguwar Aziziyya. Na ɗauka ban da ni, tunda shekara goma sha ɗaya ban taɓa ko ƙwarzane mota ba.

Na dubi wayar na ce, "A cikin ƙungiyoyin, wa ke fara zaɓar ɗan wasa?"

"Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe bara, ya ammi." Haka yake kirana, wato baffa.

"Wato wanda ya fi kowa iyawa, ladansa a kai shi inda aka fi lalacewa?"

"Aiwa. Su suka fi buƙatarsa."

"Ana tambayarsa?"

"A'a. Hular ƙungiyar ake sa masa, ya yi murmushi."

Na ce tunda ya iya hasashe, ya gaya mini ko sunana na cikin shidan. Ya kife wayar.

"Wannan ba hasashe ba ne, ya ammi. Ni na buga takardar. Kai kafilin ya fara nema."

Ban riƙe shi a rai ba, bugawa aka sa shi. Amma har yanzu na kasa ganewa, yabona aka yi ko korata? Wanda ya gane ya fahimtar da ni.