Sawun Garba Mai Toka

A Kalley, bayan Babbar Kasuwa, in ka ce kana neman Garba sai an tambaye ka wanne, don Garbobin ba su ƙirguwa. Amma ka ce Garba Mai Toka, ko baƙon jiya zai nuna maka ƙofar gidansa. Daga Maradi ya zo Yamai yana saurayi, ya fara da dakon buhuna, ya ƙare a sana'ar da ba mai son a kira shi da ita, wato kamun ɓera a magazan da ƴan kasuwa ke jibge gero da shinkafa.

Wasu guba suke zubawa su yi gaba, bayan kwana uku wari ya kori masu saye. Garba bai taɓa yin wannan aikin ganganci ba. Ranar farko ko tarko ba ya ɗaukowa. Kwanon toka yake zuwa da shi da rariya, ya tankaɗe ta a ƙasa kafin a rufe magaza, da safe ya dawo ya tsuguna yana karatun sawu, mai kaya na tsaye a kansa yana huci. In hucin ya yi yawa sai ya nuna masa yagaggen buhu ya ce, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Shekara talatin da wani abu yana wannan tsugunon, kuma abin da toka ta koya masa ba shi da yawa, sai dai ya riƙe shi gam. Ɓera, ko kusu kamar yadda yake ce masa irin na mutanen garinsu, ba ya ratsa fili. Ganinsa kaɗan ne, bango yake bi, gashin bakinsa na shafar duk abin da ya wuce. Ka tare masa hanya da buhu, zai tsaya ya shinshina, ya gwada dama, ya gwada hagu, washegari kewayen ya zama titi. Abin da ya fi ba Garba mamaki shi ne, ko ka ɗauke buhun, sai ka ga sawun ya ci gaba da lanƙwasawa a wurin da ba komai, har kwanaki. A wannan lanƙwasar yake kafa tarko. Yana kashe su, ba ya musu, amma ba a taɓa jin ya zage su ba. Cewa yake abinci suke nema, kamar shi.

Matarsa Habsatu ta sha wannan karatu har ya gundure ta. Ita kuwa wurin zamanta ɗaya ne, bakin ƙofar madafa, kan ƴar kujera, ƙafafu a miƙe, tana tsintar shinkafa. Ba ta taɓa naɗe su don Garba ya wuce ba. "Kewaya, malamin kusu," take ce masa. Ya kewaya yana ƙunƙuni. Shekara huɗu ke nan da ta rasu.

Bayan rasuwarta idanunsa suka fara dushewa. Ya ɓoye, ya ɓoye, har ranar da ya tankaɗe toka ya dawo da safe bai ga komai a cikinta ba. Likita ya ce jijiyar idon ta mutu, an makara. Ya ajiye rariya, amma bai ajiye ƙafa ba. Kullum da hantsi yana fita shi kaɗai, hannu a bango, har bencin ƙofar magaza, inda ake zuwa neman shawararsa, ya dawo da azahar.

Ƴarsa Iklima, malamar asibiti, tana aure a Kirkissoye, ƙetaren kogi. Ita da mijinta Isa sun gyara masa ɗaki, da katifa da fanka, sun roƙe shi har sun gaji. Garba ya san abin da ke jiransa can: tabarma, rediyo, da jiran a kama masa hannu zuwa ban ɗaki. Tsoron wannan ɗakin ya fi masa tsoron makanta. Da ƙyar aka tsaya a kan magana ɗaya, cewa ranar da ya kasa da gidansa, zai bi su ba gardama.

Wata Asabar Iklima ta zo yana kasuwa, ta dubi tsakar gidan, ranta ya ɓaci. Randa a bakin zaure, turmi a tsakiya, igiyar shanya daidai wuya, tulin tsofaffin tarkuna. Makaho a cikin wannan tarkace? Ta ɗaura zane ta kwashe komai ta jera a bayan ɗaki, ta share ƙasa tas, ta yayyafa ruwa. Wallahi don so ta yi, kuma kowace ƴa abin da za ta yi ke nan.

Da azahar ya shigo. Ya fito daga zaure, ya yi taku uku, ya miƙa hannu ya shafi randa, hannun ya faɗa iska. Ya daure ya ci gaba, ya lanƙwasa, ya ɗaga ƙafa ya taɓa turmi, babu. Ya ɗaga hannu sama neman igiya, babu. Sai ya juya neman bangon da ya baro, ya sake juyawa, gabas ta ɓace masa. Iklima na fitowa daga madafa ta tarar da ubanta zaune a ƙasa cikin rana, a tsakiyar gidan da ya gina da hannunsa.

"Baba, lafiya? Ni ce, gyara na yi maka."

Ya shafi ƙasar da ke gabansa. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ɗiyata, ki kira Isa. Na kasa. Ku kai ni."

Abin da ta shekara biyu tana roƙo ke nan, amma sai ta ji kamar an mare ta. Ta kai shi inuwa ta ba shi ruwa. Da ta juyo, idonta ya faɗa kan ƙasar da ta share. Ban da nata, sawunsa ne kaɗai a kai, raɗau. Ga shi ya fito daga zaure ya kauce wa randar da ba ta nan, ya kewaye turmin da ba ya nan. Duk karatun da ta ji tun tana goye ya dawo mata lokaci ɗaya, kunya ta rufe ta.

Ba ta kira Isa ba. Ta mirgino turmi ta bi sawun ta ajiye shi a cikin lanƙwasarsa, ta mayar da randa kan zoben da gindinta ya bari, ta ɗaura igiya, har tarkunan ta mayar. Sannan ta kai shi bakin zaure ta saki hannunsa.

Ya shafi randa, ya tsaya, ya sake shafa ta kamar mai gaida tsohon aboki. Ya taɓa turmi da ƙafa, ya sunkuya wa igiya, tafiyarsa ta miƙe. Da ya zo bakin madafa sai ya yi wani babban kewaye, ya koma jikin bango.

"Baba, me na manta a nan? Ba na ganin alamar komai."

"Ba ki manta komi ba," in ji shi, bai tsaya ba. "Uwarki ba ta naɗe ƙafa."