Ranar da Dodon Gidan Ajadi Ya Faɗi

Baba Ajadi masaƙi ne a Iseyin, amma ba saƙa ce ta sa aka san shi ba. Shi ke shiga rigar egungun ta gidansu, dodon da ke fitowa duk shekara a madadin kakanni. Kowa ya san shi ne a ciki, ba dai mai faɗa. Ni da na tashi katanga ɗaya da su, na ga zamanin da in ya yi juyi rigar ke buɗewa har yara su watse.

Da ganin baƙin da babu su ciwon ya fara masa. Sai ya ce wa matarsa Asake, "Iya Lasisi, ƙara amala, ga mutane a bakin ƙofa," alhali ko kaza babu. Daga baya jiki ya sandare, hannu na rawa, tafiya ta koma jan ƙafa. Yau ya tashi garau yana tsokanar kowa, gobe ya kasa gane kayan saƙarsa.

Asake ta kai shi asibiti a Ibadan. Likita ta ce cuta ɗaya ce a ƙwaƙwalwa, tana cin tunani da ƙafa tare. Takan lafa ta dawo, ba ta warkewa. Babban abin tsoro shi ne ya faɗi.

To, ga babban ɗansu Lasisi, wanda ya kamata tuni ya gaji rigar. Ƙaton banza, tumbi kamar randa, hawa babur ma sai ya yi haki. Zafin rigar yake tsoro, sai ya samo wa ragwancinsa suna mai kyau.

"Iya, me likita ta sani?" in ji shi. "Mutumin da kakanni ke ziyarta har ɗaki, shi za a hana shiga riga? Jiya ma ba shi ya zage ni tas ba?"

"Jiya ke nan," in ji Asake. "Yau je ka tambaye shi sunanka."

"Wannan maganar maza ce, Iya."

Maza fa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ranar biki suka zura masa rigar. A bakin ƙofa ƙafarsa ta kafe, kamar yadda take yi kullum, wawayen suka ce kaka ne yake jan aji, a ƙara kirari. Makaɗa suka ɗauka. Abin mamaki, ƙafar ta bi kiɗan, ya fito fili yana takawa. Lasisi sai hura hanci yake yana duban uwarsa.

Can babban makaɗi ya dakata don ya gyara igiyar gangarsa, sauran suka dakata. Ƙafar ta tsaya, jiki bai tsaya ba. Baba ya kifa da fuska.

Ba a taɓa dodo, balle a ce mace ce ta taɓa shi. Mazan nan suka kewaye shi suna gardama a kan wanda ya halatta ya ɗaga shi da abin da za a yanka tukuna. Lasisi na can baya yana share gumi. Sai muka ji murya daga cikin rigar, ba irin ta dodo ba, muryar tsoho ce a tsorace.

"Iya Lasisi, wa ya kashe fitila?"

Asake ta ratsa su, ta durƙusa, ta yaye rigar a gaban duk gari, ta ɗora kansa a cinyarta.

"Ajadi, ni ce," ta ce. "Rana ce, duba."

Ƙugunsa ya karye a wannan faɗuwa, bai sake takawa ba har Allah ya karɓi abinsa. Mata da yawa sun daina gaisawa da Asake, ita kuwa ko a jikinta. Lasisi har gobe yana yawo yana cewa uwarsa ta tozarta gidan. Rigar tana nan rataye a ɗakin kakanni, bai taɓa gwada ta ba.