Cikin Yaya Mai Guga

Yayata guga take yi a ɗakin wanki na wani otal, can ƙarƙashin bene, inda tururi ke hana ka ganin fuskar na kusa da kai. Nan ta ƙarar da ƙuruciyarta tana miƙar da zanen gadon mutanen da ba ta taɓa gani ba. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita da mijinta direba sun yi yawon asibiti har suka gaji, suka haƙura.

Da al'adarta ta ɗauke, sai zafin jiki ya sa ta a gaba. Tana cikin aiki gumi zai karyo mata, ya ɗiga a kan farar rigar baƙo, manaja ya yi ta faɗa. Wata abokiyar aikinta, irin masu yawo da maganin kowace cuta a jaka, ta kawo mata wata saiwa. Yaya takan dafa ta ɗura a gora, tana kurɓa tsakanin riga da riga. Gumin kam ya ragu, ba zan yi wa saiwar ƙarya ba.

Ana nan sai jini ya dawo, bayan shekaru da ɗaukewarsa. Na ce mu je asibiti. Ta kwashe da dariya.

"Baƙin ciki kike yi, ƙanwata. Saiwa ta mayar da ni yarinya."

Jinin ya zo ya tafi, ciki kuma ya fara tasowa. Matan ɗakin wanki suka hana ta ɗaukar kwando. Mijinta, wanda bai taɓa sayen ko cokali ba, ya shigo gida da bahon wankan jariri. Ni kuwa wuyanta nake kallo yana ta ramewa, tsoro ya hana ni sukuni. Na sake yin maganar asibiti.

"Wurin waɗanda suka ce ba zan haihu ba?" in ji ta. "Sai dai in kai musu jaririn a hannu."

A gindin teburin guga ta faɗi. Da aka kai ta asibiti, likita ta ce ƙari ne a mahaifa, ya riga ya yaɗu. Da an zo tun ganin jinin nan, da akwai abin yi. Yaya ta ji komai, ba ta yi kuka ba. Da muka hango mijinta a baranda yana neman ɗakin, ta damƙe hannuna.

"Kada ki faɗa masa yau. Bar shi ya ƙara kwana yana uba."