Na Yi Kwalara da Cikin Wata Bakwai

Assalamu alaikum, 'ya'yana da jikokina na wannan dandali.

Na daɗe ina karanta gardamarku ban ce uffan ba. Wannan ya ce rufe kasuwa lokacin annoba wahalar da talaka ne kawai, wancan ya ce shi ke ceton rai. Fiye da shekara hamsin ina riƙe da labarin nan a cikina. Yau zan amayar da shi.

Lokacin babu Gwarinpa, Wuse kuwa ƙauye ne. Garin da ake kira Abuja shi ne Suleja ta yanzu. Muna zaune a Yangoji. Mijina Garba mahauci ne, ni kuma ina ɗauke da cikin fari.

Sai amai da gudawa ya shigo. Mutum ya tafi gona da safe lafiya lau, kafin la'asar ana haƙa kabarinsa.

Dubagari ya zo da umarni: a rufe kasuwa, a dakatar da biki da zaman makoki, kada a sha ruwan rafi sai an tafasa.

Gari ya rabu biyu, kuma a ƙofar gidanmu ake tafka gardamar. Garba yana cewa, "In ba kasuwa me za mu ci? Mu tsere wa cuta, yunwa ta gama da mu?"

Maƙwabcinmu Baba Danladi, dattijon Gbagyi manomin doya, ya ce, "Garba, yunwa yana jira mutum. Wannan ciwo na gani da idona, ba ya jira."

Aka rufe. Mun ji jiki, ba zan ɓoye ba. Ba don doyar da Baba Danladi ke aiko mana ba, da wata rana ba mu ɗora tukunya ba. Amma mace-mace suka ragu, har aka daina jin kuka.

Sai zance ya sauya. Su Garba suka ce ai ba rufe kasuwa ba ne, ruwan sama ne ya ja baya, cutar ta gama kwananta. Suka matsa wa mai gari har ya yarda aka buɗe.

Ranar kasuwa ta cika maƙil. An zo daga ƙauyuka, ana ta gaisawa, ana shan ruwa a randa ɗaya da moɗa ɗaya. Ni ma ina can.

Washegari da hantsi cikina ya murɗa. Gudawa fara sol, kamar ruwan wankin shinkafa. Sai amai. Ƙafafuna suka ɗaure. Kafin azahar idona ya faɗa, muryata ta dushe, fatar yatsuna ta yamutse kamar ta tsohuwa.

Garba ya tare motar doya aka kai ni Kwali. Asibitin ya cika, an mayar da ajin makaranta ɗakin jinya. Gadajen katako ne masu rami a tsakiya, da bokiti a ƙasa. A nan kunya ta ƙare.

Malamin asibiti ya nemi jijiya a hannuna ya rasa. Sai a ƙafa ya samu, ya ɗaura mini ƙarin ruwa. Na ce, "Malam, cikin fa?"

Ya ce, "Bari mu fara da ke. In kin tsaya, shi ma zai tsaya."

Amma cikin ya daina motsi.

Wannan ya fi ciwon tsorata ni. In ɗora hannu, shiru. In danna, shiru. Matar da ke gadon kusa da ni, da safe muka yi magana, da yamma aka lulluɓe ta. Garba ya sayar da kekensa don magani da abinci. Ta taga yake leƙo ni, don an hana masu jinya shiga.

Kullum malamin nan tambayarsa ɗaya: "Kin yi fitsari?" Ranar da na ce na yi, sai ya tafa hannu kamar an yi masa albishir. Ya ce, "Kin haye!" Aka fara ba ni koko a cokali.

Ina cikin shan kokon nan na ji an shure ni daga ciki. Na tsaya cak. Aka sake, da ƙarfi. Muryar da ta ɓace ban san inda ta fito ba, na ƙwala ihu, "Garba! Yana motsi!" Mutumin da ke yanka bijimi bai girgiza ba, ya durƙusa a gindin taga yana kuka.

Da ya koma gida, shi ya shiga tsakiyar kasuwa ya ce, "Jama'a, ni na fi kowa cewa a buɗe. Na je na gani. A rufe." Aka rufe, wannan karon kuma ba dubagari ya sa ba. Masu hatsi suka raba wa marasa shi, Musulmi da Kirista, Fulanin ruga suka riƙa kawo dafaffiyar madara gida-gida. Cutar ta sake lafawa.

Har suka tsufa, akwai masu cewa ruwan sama ne. Ni ba likita ba ce. Na dai ga an rufe kasuwa cutar ta sauka, an buɗe ta tashi, an sake rufewa ta sauka. Na kuma ga cewa doka ba ta riƙe mai jin yunwa sai maƙwabci ya taimaka.

Na haifi 'yata Rabi lafiya, da kukanta mai cika gida. Yau ita ma kaka ce.

Alhamdulillahi. Allah Ya jiƙan Garba. Allah Ya saka wa malamin nan da zuriyar Baba Danladi da alheri.

Ku kuma, ku tafasa ruwa, ku wanke hannu da sabulu. In gudawa ta fara, a soma ba da ruwan gishiri da sukari, a wuce asibiti, kada a jira gobe. In cuta ta lafa, kada ku yi saurin cewa ta tafi. In an ce a zauna a gida, ku zauna, amma ku leƙa ta katanga ku tambaya ko maƙwabcinku ya ɗora tukunya.