Allon Malam Isiya bai san ɓarawo ba

Kai da ke karanta wannan takarda, ina kake ranar kasuwar da ta wuce, bayan azahar? In kana cikin Illela, to ka ji ihu a layin masu gyaran rediyo, kada ka ce mini ba ka ji ba. Ni ina Kalmalo, na kai wa wani masunci rediyonsa, sai ga mai keke ya tsaya bai ko sauka ba, ya ce mini in koma gida, an kashe Malam Isiya. Na ce masa mota ce? Ya ce a'a, mutane ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara shida na yi a shagonsa. Ban yi makaranta ba, a jikin kwalayen batir da tsofaffin jaridun da ake naɗo kaya na koyi karatu, shi kuwa bai taɓa yi mini dariya ba in na karya kalma. Mutum ne da ba ya buga abu. In rediyo ta ƙi magana, mu mukan ɗaka mata mari a gefe, shi sai ya karɓe ta ya ce, “Ba ta yi maka laihi ba, buɗe ka gani.” Tsofaffin mata na ƙauyen Araba kan kawo rediyon da ta kai shekarun jikokinsu, ya zauna ya gyara, ya kuma saurari labarin ciwon ƙafarsu har ƙarshe.

Abin da ya fi ba shi haushi a aikinmu shi ne maɓalli. Kusan duk kaset ɗin da aka kawo, maɓallin ne ya karye, don mutanenmu dannawa suke kamar suna murƙushe kunama. Sai ya ce zai yi rediyon da ba ta da maɓalli. A cikin agogon hannu mai lamba akwai wani ɗan faifan tagulla, shi ne ke yin ƙara in lokaci ya yi. Malam ya gano cewa in ka matsa faifan, shi ma yana ba da 'yar wuta. Ya ciro guda huɗu daga matattun agogo, ya manna su a kusurwoyin wani falanki, ya ja waya daga kowanne zuwa allurar tsohuwar kaset, irin mai rawa in ana kiɗa, kowane faifai da tasa allurar. In ka taɓa allon, allurar da ta fi kusa da yatsanka ita ta fi tashi. In ka danna da ƙarfi, ta yi sama sosai. In ka ajiye hannu ka bar shi shiru, ta koma ta kwanta, domin motsi take ji. Yakan ce, “Abu biyu ɗai ya sani, wuri da ƙarhi.”

A nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ni ne na riƙa yawo wurin mai shayi ina cewa allon maigidana ya san hannun kowa. Taƙama nake. Malam ya ji, ya kira ni ya ce in daina, allon bai san kowa ba. Na ce to, amma maganar ta riga ta zaga kasuwa, kafin mako biyu an mai da ita cewa Isiya yana da allo mai kama ɓarawo.

Ranar kasuwar aka sace wa wani Alhaji mai shagon yadi bandir biyu. Malam yana masallaci. Yaran Alhaji suka shiga shagonmu da babu kowa, suka fito da allon, suka ɗora shi a kan benci, suka jera duk wanda aka gani kusa da shagon yadin, aka ce kowa ya ɗora hannu. Mutum biyar suka ɗora, allura ta tashi ta kwanta. Na shida Buba ne, Bafillace mai iyali, ya zo sayen gishirin shanu, kwana uku yana masassara. Ga zazzaɓi ga tsoro, hannunsa yana rawa, allurai huɗu suka kama rawa tare da shi ba su tsaya ba. Wani ya ce ga shi nan.

Waɗanda suka gani sun ce da takalmi aka fara, sannan sanda, sannan duk abin da hannu ya samu. Aka fasa masa baki, aka ja shi a ƙasa da ƙafa ɗaya. Malam ya fito daga masallaci da tasbaha a hannu, ya ratsa mutane, ya faɗa a kan Buba ya rufe shi da jikinsa. Mai nama da ke gefe ya ji abin da yake faɗa: “Ku bari, hannunai na rawa ne. Ni na yi abin ga, bai san ɓarawo ba.” Wani ya ɗaga turken rumfa ya sauke. Ko Buba mai turken ya nufa ko Malam, shi ya sani. A ƙeya ya sami Malam. Da jini ya malala har ƙarƙashin benci sai kowa ya tuna yana da rumfar da ya bari. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Buba yana nan da rai, ido ɗaya ya tafi. Yadin kuwa har yau ba a gan shi ba.

Na je gaisuwa, na tarar da waɗanda suka jera mutane suna zaune a kan tabarma suna cewa kwana ne ya ƙare. Na san kwana ya ƙare, na yi imani da ƙaddara, amma turke bai ɗaga kansa ba.

Allah ya jiƙan Malam Isiya, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba matarsa Inna Hajo da 'ya'yansa huɗu haƙurin rashinsa, ya tsaya musu. Allah ya ba Buba lafiya, ni kuma ya yafe mini harshena.

Na faɗi nawa da sunan laifi. Saura Alhaji da ya ce a ɗauko allo, da wanda ya ce ga shi nan, da mai turke. Kun san kanku, rabin kasuwa ta san ku. Ranar Juma'a bayan an sallame, ƙanin Malam zai tsaya a ƙofar masallaci, ni ma zan tsaya kusa da shi. Ku zo ku gaya masa a gaban jama'a wanda ya kashe yayansa.