Kaskon Duna da Goro

Jibirin mai garka ɗan kawuna ne, taubashina, don haka abin da wani ba zai iya gaya masa ba ni Balkisa nakan gaya masa, ya ji haushi ya gama. Gidana da nasa katanga ɗaya ce a nan Gure, katangar ma ta zaizaye har in na yi ɗage ina ganin tsakar gidansa. Garkarsa tana cikin kwari, bayan tudun rairayi, inda ruwa ke kusa. Akwai dabino, akwai rogo da albasa, da ɗan rake a gefe. Mutum ne mai haƙuri, ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Amma wallahi in ya ƙulla abu a ransa, sai dai ka gaji ka bar shi.

Abin da ya ƙulla tun yana saurayi shi ne, waɗanda suka ci a kwano ɗaya ba sa rabuwa. Haka kawu ya rene su, haka shi ma ya reni ƴaƴansa maza biyu, Aliyu da ƙanensa Hamza. Ko Salla ce, ko baƙi aka yi, kwanonsu ɗaya. Yau Aliyu yana jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Damagaram da Diffa, Hamza yana koyarwa a wata lakwal, makarantar boko, can wajen Bune, kuma ko gaisuwar waya ba ta haɗa su. In ka tambayi Jibirin dalili sai ya ce, "Tun da suka bar kwanon gidan nan ne." Iyakar bayaninsa ke nan.

Yana da wata jar karya, Barsu, wadda ta tsare masa garka shekara da shekaru. Ita ke korar dila daga ƴan awakinsa, ita ke hana dabbobin mutane shiga albasa. Bara da kaka ta haihu a ƙarƙashin rumfar garka, ƴaƴan ba su daɗe da buɗe ido ba kububuwa ta sare ta, ta mutu. Biyu suka rayu. Jibirin ya zuba su a kwando, ya ɗora a kan jaki ya kawo gida.

Matarsa Lantana ta tsaya a bakin madafa riƙe da muciya. "Malam, kare a cikin gida? Randunana fa? Tabarmar salla fa?"

"Marayu ne," in ji shi. "Su ɗan yi ƙwari in mai da su garka. In babu kare, garkar nan ta zama ta dila da awakin mutane."

Ya yi musu wuri a lungun garken awaki, nesa da randa. Baƙin mai ƙaton kai ya sa masa Duna, jan mai kama da uwar ya sa masa Goro. Na leƙo ta katanga na ce, "Barka da arziki, angon ƙarni! Yaushe ne suna?" Ya ce in zo in ɗora ruwan wanka tunda ba ni da aikin yi.

Da farko abin dariya ne. Su yi ta kokawa a cikin rairayi, wannan ya hau wancan, can kuma wancan ya juye ya hau wannan. Goro ya kwantar da ƙirji ƙasa, ya ɗaga gindi yana kaɗa wutsiya, Duna ya taso masa, su yi ta gurnani baki buɗe ba wanda ya ji ciwo. In ɗaya ya yi ƙara sai ɗayan ya saki, su girgije jiki su koma. Har ni da ba na son kare nakan tsaya kallo, tuwona na kamawa.

Kasko ɗaya ya ajiye musu. Madarar akuya tukuna, daga baya ƙanzo da dusa a jiƙa da ƙasari. A bakin kaskon nan abin ya fara lalacewa. Duna yakan sa ƙafa biyu a ciki ya sunkuyar da kai, in Goro ya matso sai jikinsa ya sandare, gashin bayansa ya miƙe. Wannan gurnanin ba irin na wasa ba ne, ko ni ta bayan katanga na ji bambanci. Goro ya koma gefe ya jira, in Duna ya gama ya zo ya lashi kasko. Wasan ma ya sake. Kullum Goro ne a ƙasa, yana kuka Duna bai saki ba. Haƙarƙarinsa suka fara fitowa, abin tausayi.

Lantana ta ɗauko wani tsohon kasko mai tsagaggen baki ta ajiye a ɗaya lungun. Jibirin ya dawo daga garka ya gani, ya ɗauke shi ya kife a kan rumfa.

"Ciki ɗaya suka fito," in ji shi. "In aka raba musu ci tun yanzu, gobe a garka dila zai kama ɗaya ɗayan na kallo."

Lantana ta juya ta koma madafa.

Wata rana da hantsi suka kaure da gaske. Jibirin ya cusa hannu zai raba, Duna ya kama masa babban yatsa. Lantana ce ta ɗauko bido, jarkar ruwa, ta kwara musu suka watse. Kunnen Goro ya tsage biyu.

A satin ne Sufiyanu ya zo yi wa awaki allura, wani matashin likitan dabbobi da aka turo daga Dosso. Ya ga tsumma a yatsan Jibirin, ya ga kunnen Goro, ya tsuguna ya daɗe yana kallonsu.

"Baba, wannan ya wuce wasa. Yatsan nan ka kai shi likita yau. Su kuma ka raba musu kasko, wannan a lungunsa, wancan a lungunsa, kada ma su ga juna suna ci. Ka tafi da ɗaya garka da safe, ɗaya da yamma, kowa ya sarara. In sun kaure kada ka ƙara sa hannu. Ruwa, ko ka jefa tabarma tsakaninsu."

Jibirin ya yi masa godiya, ya cika masa leda da dabino, ya raka shi har bakin ƙofa. Likita dai ya je. Amma da ya dawo sai ya ce, "Yaron kirki ne. A takarda ya karanta kare."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai dai an yi mai taurin kai! Ni ban karanta kare a takarda ba, amma ina da ido. Ƙaramin nan yunwa za ta kashe shi, in ɗan'uwan bai riga ta ba."

"Balkisa, ke da ba ki taɓa riƙe ko kyanwa ba."

"To, Allah ya ba da sa'a, sarkin sulhu."

Ashe akwai abin da ya fi wannan. Ya tuno dabarar makiyaya. In an sayo sabuwar akuya mai gudu, sai a haɗa wuyanta da na akuyar gida da igiya ɗaya, su yi kiwo tare har ta saba. Ranar da Lantana ta tafi gaisuwar rasuwa Kelle, ya samo guntuwar igiyar kaba ya haɗa wuyan Duna da na Goro. Ya zuba musu ƙanzo da ƙasusuwan miyar jiya a kaskon, ya hau jaki ya tafi garka, shi a ganinsa ya gama gyara.

Ina cikin daka na ji kukan. Na saki taɓarya na zaga da gudu, zanena na kwancewa. Inna lillahi! Duna ya kama Goro a maƙogwaro yana girgizawa. Da can in abin ya yi zafi Goro kan gudu ya shige ƙarƙashin amalanke, yau ina zai je, igiya ta riƙe shi? Na kwara ruwa, Duna ya saki, Goro ya ja jiki zai tsere, igiyar ta fizgo Duna a kansa, suka koma. Sai da na shiga madafar Lantana na ɗauko wuƙa, na jefa wa Duna tabarma a ka, na yanke igiyar.

Na aika aka kira Jibirin, aka kira Sufiyanu. Sufiyanu ya duba wuyan, ya ga guntun igiyar. Ya ce dai, "Sai haƙuri, Baba." Jibirin ya naɗe Goro a buhu ya ɗora a cinyarsa, mutumin da kullum yake wanke hannu in ya taɓa su. Yana ɗiga masa madara da yatsa tana gangarowa ta gefen baki. Kafin la'asar ya mutu. Na zo da zagi cike da bakina, da na ga fuskar Jibirin na haɗiye. Ya kai shi garka ya binne kusa da inda ya binne uwar.

Lantana ta dawo gab da magariba ta tarar da mu zaune jugum. Na ba ta labari. Ta ajiye ƙunshinta, ta dubi kaskon da ke kife a kan rumfa.

"Ni dai so na yi su shaƙu," in ji Jibirin, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yadda na haɗa yaran nan."

"Malam," in ji Lantana, "Hamza bai taɓa ƙoshi a kwanon nan ba."

Ya ɗago kai.

"Yayansa hannunsa ya fi sauri, naman ma shi ke ɗauka. In Hamza ya yi magana ka ce ƙarami ba ya gardama a kan abinci. Ni nake ɓoye masa ɗan tuwo a madafa, ya ci a tsaye kafin ka shigo. Har ya bar gidan nan haka muke yi."

"Me ya hana ki gaya min?"

"Na ajiye kasko ka kife shi, Malam."

Washegari da hantsi bai tafi garka ba. Ya kira ni ta katanga, ya miƙo min wayarsa ya ce in nemo masa Hamza, idonsa ba ya ganin ƙananan rubutun. Na danna na ba shi, na tsaya, don ni ba mai tafiya ba ce a irin wannan. Wayar tasa da ƙara take, ina jin hayaniyar ƴan lakwal.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Hamza, da kuna yara, kakan ƙoshi?"

Muryoyin yara kawai nake ji.

"Baba, ina cikin aji. Me ya kawo wannan maganar yanzu?"

"Tambaya na yi."

"Inna ta sani," in ji Hamza. "Zan kira."

Jibirin ya daɗe da wayar a kunne bayan ta katse. Duna yana lungun garke yana shinshina inda Goro ke kwanciya, yana ɗan kuka, guntun igiyar har yanzu a wuyansa, don tun jiya ba wanda ya yarda ya taɓa shi. Ni na zaga na kwance masa.