Injin da Na Dasa wa Motar Yayana

A shekarun da ma'aikatan gwamnati suka fara cika Suleja suna kama haya, suna sammakon zuwa aiki Abuja, ni matashin bakanike ne, ina da 'yar rumfata a bakin titi a Gauraka. Ban daɗe da barin hannun maigidana ba, kuma kaina yana hayaƙi. Gyaran birki da juyen mai ba sa burge ni. Abin da nake so a san ni da shi shi ne in cire injin wata mota in dasa wa wata, ta tashi ta fi da. Na yi wa direbobi kaɗan an dace, har aka fara nuna rumfata da yatsa. Edita, na sha ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in iya rubuto wannan, domin wanda abin ya faɗa wa ba baƙo ba ne, yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma shi ya kama hannuna ya kai ni koyon wannan sana'a.

Yaya yana zaune da iyalinsa a Kurmin Sarki, yana da tsohuwar a-kori-kura da yake ɗauko doya daga ƙauyukan bayan Dutsen Zuma zuwa kasuwa. Ana gab da fara haƙar sabuwar doya injinta ya buga, bugun da ba ya gyaruwa. Na zaga wajen masu kayan gyara na samo inji biyu. Na farko ɗan kwatano ne, irin na motar sak, kansa na alminiyam, mara nauyi, mu kaɗan muka ɗaga shi da itace. Na biyu an ciro shi ne daga wata babbar mota da aka daka ta baya, silinda shida, baƙin ƙarfe tun daga sama har ƙasa. Da muka rataye shi da sarƙa a reshen mangwaron rumfata sai da reshen ya sunkuya. Na kwance kaskon man kowanne na leƙa cikinsu. Na ƙaramin komai siriri ne, ina gani na ce wannan ba zai jure lodin doya da hawan tudu ba. Na babban kuwa karanshaf ɗinsa kamar damtsen ƙato, sandunan fistin masu kauri, ko alamar ci babu. Tun daga ranar na rasa sukuni. In tsuguna gaban wannan, in tashi in koma gaban wancan, in buga da sifana in saurari ƙara, abinci ya huce a gefe ban sani ba.

Ana cikin haka tsohon maigidana ya biyo ta wurin, ya tsaya ya dubi injinan, ya dubi motar. Ya ce ƙarfin cikin babban ba abin musu ba ne, amma mota ba inji kaɗai ba ce, ya tambaye ni idan wannan ya ja ta wa zai tsayar da ita, kuma wace ƙafa ce za ta ɗauke shi. Na amsa masa da ladabi, amma a zuciyata na ce tsoho ya ga yaronsa zai wuce shi. Da na kai wa Yaya zancen, sai ya yi dariya ya ce shi tuƙi ya sani, cikin inji kuwa ai don haka ya kai ni koyo, duk wanda na zaɓa shi ne zaɓinsa. Na zaɓi babban.

Bai shiga da daɗi ba. Sai da na yanke ƙarfe, na yi waldar sababbin mazaunai, na matsar da lagireto gaba. Lokacin da muka saki sarƙar, gaban motar ya yi ƙasa a idona, tsakanin taya da jikin mota da ƙyar tafin hannuna ya shiga. Na san abin da ya rage, a sa sifirin mai ƙarfi da zai ɗauki nauyin injin, a canja birkin gaba da wanda ya fi girma. Kayan babu su a Suleja sai an je Kaduna. Yaya kuma manoma suna ta aiko masa, wasu motoci suna kwashe masa ciniki. Na ce masa ya tafi a hankali, kafin kasuwa ta zagayo zan je in kawo. Da aka tayar da motar direbobi suka taru suna sauraron rurinta, aka hau tudu da lodi kamar ba a ɗora mata komai ba. Sunana ya zaga tasha, aiki ya yi mini yawa, tafiya Kaduna ta koma gobe, goben ta koma jibi.

Ba zan ce ban samu gargaɗi ba. Yaya ya dawo ya ce sitiyari ya yi masa tauri, kuma in ba kaya a baya, idan ya karya kwana motar sai ta nemi miƙewa, birki ma sai ya taka da ƙarfi kafin ta ji. Na shiga ƙarƙashi na ɗaure nan na ɗaure can, na fito na ce masa rashin sabo ne. Ina faɗa ina jin ƙaryar a bakina. A kwanakin nan duk motar da ta taka birki a gaban rumfata sai in ɗago in duba fuskar direban ko da labari ya zo. In na hango a-kori-kura daga nesa sai in ajiye aiki in bi ta da ido. Hankalina bai kwanta ba ko na yini ɗaya, amma kuma ban tashi na tafi Kaduna ba. Har yau na kasa gane wannan hali nawa.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ya fita ba kaya zai je ɗauko doya. A gangaren da ke bayan Zuma wata tirela ta tsaya masa ba zato. Ya taka birki, bayan motar da ba nauyi ya yi sama-sama, gaban ya ja ta ta zame ta faɗa rami. Waldar da na yi ta ɓalle, injin ya turo cikin mota ya danne masa ƙafafu. Allah ya sa shi kaɗai ne a ciki. Wani direba ya zo ya same ni ina ƙarƙashin mota, ya ce in fito in wanke hannu. Ban tambaye shi komai ba, na riga na sani. A asibiti aka ceto ƙafar hagu, ta dama kuwa sai da aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Da aka jawo ragowar motar zuwa rumfata, ta lanƙwashe kamar gwangwani, amma injin ko ƙwarzane bai yi ba. Wani ya haɗa masa batir don gwaji, bugu ɗaya ya tashi. A nan take wani direba ya ja ni gefe yana tambaya ko za a sayar masa. Na zaga bayan rumfa na zauna a kan tsohuwar taya na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifinmu.

Bayan an sallamo Yaya na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, har maganar maigidana da tafiyar da na yi ta ɗagawa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce shi ma ai ya ji motar ba daidai take ba ya ci gaba da hawa, abin da Allah ya rubuta ba makawa, kuma kada in kuskura in kai wa mahaifiyarmu wannan zance. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Bai sake tuƙi ba, ya kafa tebur a ƙofar gida yana sayar da kayan masarufi, da shi ya ƙarasa renon 'ya'yansa. Duk lokacin da robar ƙasan sandar da yake dogarawa ta cinye, ni nake yanko tsohuwar taya in sa masa sabuwa, yana zaune yana yi mini hira kamar ba komai.

Abin da na koya shi ne ƙarfin abu ba ya amfani sai wurin da za a ɗora shi zai iya ɗauka, kuma ƙaddara gaskiya ce amma ba ta wanke sakaci. 'Yan'uwana makanikai, kafin ku yaba kaurin ƙarfen cikin inji, ku auna nauyinsa, ku dubi ƙafar motar da birkinta. In aiki bai kammala ba kada ku miƙa makulli, ko mai motar zai yi fushi, ko ɗan'uwanku ne. Ku kuma masu mota, idan hannunku ya gaya muku wani abu ya canja, ku ajiye ta, ko da bakaniken ya rantse muku lafiya take. Fushin mai mota kwana biyu ne ya wuce. Ni kam har yanzu ina yankan taya.